Haƙora Takwas da Na Kusa Barowa a Kalgo

Mun tashi da asuba daga Gwandu, ni da yayana da tagwayena mata, bayan ruwan da aka kwana ana yi ya tsagaita. Kalgo muka nufa, kuma haƙori ne ya fitar da mu. Na san wasunku za su yi dariya, don a wajenmu ba a shiga mota saboda haƙori sai ya kumbura kunci ya hana cin tuwo. To, na 'ya'yana ba ciwo suke yi ba. Cunkushewa suka yi.

Shekarunsu goma sha uku, kuma ba sa kama da juna. Babbar mai surutu ce, haƙoranta a jere suke, sai dai sun ɗan turo gaba. Ƙaramar ita ce damuwata. Tun da ta gama famfara haƙoranta na sama suka hau juna, fiƙa ɗaya ta rasa wuri ta ɓullo can saman dasashi. Yara a makaranta suna kiranta masara. Ta koyi dariya da gefen hijabi a baki, daga baya ta daina dariyar. A zangon da ya wuce aka zaɓe ta muhawarar makarantu, ta ce ba ta zuwa, da na matsa mata ta ce ba za ta tsaya gaban mutane ta buɗe wannan bakin ba. Ni malamar makaranta ce, na san irin yarinyar da ke komawa bencin baya ta yi shiru har ta gama. Ban so tawa ta zama haka ba.

Ana cikin haka wani saƙon murya ya fara yawo a zauren matan unguwa na waya. Wai wani likita a Kalgo ya shigo da na'ura daga ƙasar waje, tana duba baki ta faɗa nan take ko sai an cire haƙori kafin sauran su miƙe. Na ɗauki hoton bakin kowacce na aika. Ban ajiye wayar ba amsa ta shigo: huɗu-huɗu za a cire. Babansu yana Fatakwal wajen aiki, ya ce in nemi Yaya ya raka mu. Yayana malamin gona ne da ya yi ritaya, mutum mai ƙarancin magana, mai wushirya da za a iya zura tsinken tsire a cikinta ba tare da ya taɓa ko'ina ba.

A tashar Gwandu mun tarar da bas guda tana lodi. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, ɗan kamasho ya ɗora laifin a kan mai, direba ya ɗora a kan hanya, mu kuma muka biya. Kujerar mutum uku aka cusa mu huɗu, sannan aka miƙo mini ƙwaryar nonon wata Bafulatana in riƙe mata a cinya. Yaya ya samu gaba, amma da buhun barkono a ƙarƙashin ƙafarsa, ya yi ta atishawa har Kambaza.

Damina ta yi kyau a wannan yanki, wannan kam sai godiya. Gero ya fitar da kai, dawa ta fi mutum tsawo, fadamu sun cika da shinkafa kore shar. A Kambaza direba ya tsaya ɗaukar mutum ɗaya, aka ƙare da uku. Na sayi masa mai zafi a hannun wata dattijuwa da ke suya bakin hanya, da yaji a ƙullin leda. Masar ta ragu a girma tun zuwana na ƙarshe, amma daɗinta na nan. Babbar ta cinye nata ta taya Kawunta. Ƙaramar ta juya fuska wajen taga tana gutsura kaɗan-kaɗan, don kada na kusa da ita su gani.

Daga Dalijan hanya ta fara nuna halinta. Ramuka sun cika da ruwa, ba ka sanin zurfin rami sai ka faɗa. Wani wuri direba ya sauka daga kwalta gaba ɗaya ya bi gefen gona, mai gonar yana tsaye da fartanya yana kallonmu, alamar ya gaji da faɗa. Nonon Bafulatana ya ɗan zube mini a zane, ta yi ta ba ni haƙuri, ta ce ai albarka ce. Mun wuce Ambursa rana ta fito sosai, muka sauka Birnin Kebbi muka canja mota. Daga nan zuwa Kalgo ba nisa, hanyar kuma ta fi tamu mutunci nesa ba kusa ba.

Kalgo ta canja. Ɗalibai ko'ina da jakunkuna a baya, shagunan buga takardu, masu sayar da shayi da indomi, keke napep kamar ƙudan zuma. Ɗan kabu-kabun da muka tambaya bai bari mun ƙarasa kwatance ba, ya ce mai cire haƙori ko, ya nuna mana bayan kasuwa.

Shagon yana tsakanin injin niƙa da rumfar cajin waya. A sama an kafa allo mai hoton wata Baturiya tana murmushi da haƙora farare tas. A waje benci biyu cike da iyaye da yara. Bakin ƙofa wata mata ce zaune gaban tebur, da kwamfuta da wata fitila mai zagaye. Kowa ya zo sai ya biya kuɗin dubawa, ya buɗe baki gaban fitilar, ta danna, allon kwamfutar ya yi ja, alamar sai an cire. Ba ta ko ɗaga kai daga wayarta. Da na ce mun riga mun aiko hoto, ta ce wannan na gwaji ne, sai an sake. Muka biya, aka sake, allo ya yi ja sau biyu.

Zaman benci ne ya fara tayar mini da hankali. Kun san mu mata, ba ma zama kusa da juna mu yi shiru. Na tambayi ta damana nawa aka ce za a cire wa ɗanta, ta ce huɗu. Ta hagu ta ce huɗu. Wani magidanci daga Bunza da ya kawo ɗiyarsa ya ce huɗu. Na dubi bakin yaran nan ɗaya bayan ɗaya. Wani haƙori guda ne kawai ya ɗan karkace. Wani ma bai gama famfara ba. A aji, in na ba yara arba'in jarrabawa suka kawo mini amsa iri ɗaya har da kuskuren, na san ba ilimi ne ya haɗa su ba.

Can ƙarshen benci akwai wata mata 'yar Dalijan da budurwar ɗiyarta. Su ba sababbin zuwa ba ne. An cire wa yarinyar huɗu tun bara. Uwar ta sa ta buɗe baki ta nuna mini. Giɓi huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Haƙoran gaban da aka ce za su miƙe suna nan a cunkushe yadda suke, na baya kuma sun fara kwantowa cikin giɓin. Ta ce nama ya gagari yarinyar, sai ta yi ta juya shi a baki. An gaya musu haƙora za su ja da baya da kansu, sun jira shekara, shi ne suka dawo su ji ko akwai magani. Uwar tana ba ni labarin nan ba da fushi ba, da kunya, kamar ita ta yi laifi. Wannan kunyar ta fi komai ƙona mini rai.

Kafin in gama tunani aka kira mu. Yaya ya ce mu shiga, shi zai jira a waje.

Ciki ɗaki ne guda, an raba da labule. Kujerar da ake kwantar da mutum ta aski ce, na san ta, irin ta shagon da ake yi wa ɗan autana aski. A kan tebur akwai roba da awartaki uku a cikin wani ruwa mai launin shuɗi. Mutumin yana sanye da farar riga mai tsabta, yana da fara'a da laushin murya, ya kira ni Hajiya ya kira yaran ƙawayensa. Ƙaramar ba ta jira an ce mata ba, ta haye kujerar ta buɗe baki. Rabon da in ga ta buɗe baki haka gaban baƙo har na manta.

Yana zuƙar allura na fara tambaya. Na ce waɗanne za a cire. Ya ce na'ura ta riga ta nuna. Na ce in an cire, wa zai sa wayar ƙarfen da ake ɗaurawa a haƙora ta ja sauran su rufe giɓin. Ya ce yawanci ba a bukata, in kuma ana so sai a je Sakkwato. Na ce to me na'urar take aunawa, tunda hoton gaban baki kawai ta gani, ba ta ga saiwa ba, ba ta ga ƙashi ba. Murmushinsa ya ɗan ragu. Ya ce na'urar ta fi likita goma, Turawa suka ƙera ta, ba ta kuskure, kuma akwai mutane a waje suna jira.

Sai na ji muryar Yaya daga bakin ƙofa. Bai ɗaga ta sosai ba, amma kowa ya ji.

"Uwar biyu, hito ki gani. Wai ni ma huɗu za a cire min. Wai babu wuri a bakina."

Ashe da muka shiga ya je ya biya kuɗin dubawa ya zauna gaban fitilar, matar ta danna ba ta dube shi ba. Na ɗaga labule na same shi tsaye gefen jan allo ya yashe baki, wushiryar nan a fili, ga giɓin haƙoran turmi biyu da ya rasa tun yana aiki. Mutumin da rabin bakinsa fili ne, an ce masa cunkoso.

Na koma na kama hannun ɗiyata na sauko da ita daga kujerar. Ba zan maimaita duk abin da na faɗa wa mutumin nan ba, don wasu ɗalibaina suna karanta abin da nake rubutawa. Na dai ƙi kiransa likita. Na ce Malam, ina takardarka ta aiki, ya ce tana gida. Na ce ka dubi yarinyar can ta Dalijan ka gaya wa uwarta yadda za ka mayar mata da haƙoranta. Ya ce kowane aiki da ƙaddara. A nan ne na san in na ƙara minti ɗaya zan yi abin da zai kai mu ofishin 'yan sanda.

Abin da ya biyo baya a waje shi ne har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya. Na tsaya na yi wa mutanen benci bayani, Yaya yana gefe yana nuna bakinsa kamar kayan shaida. Magidancin Bunza ya kama ɗiyarsa ya tafi. Mata biyu suka bi shi. Sauran suka zauna. Wata ta ce ita ta riga ta kashe kuɗin mota, ba za ta koma haka ba. Wani ya ce 'yan boko ba sa son ganin talaka ya samu sauƙi. Wata tsohuwa ta ce in ji tsoron Allah in bar bawan Allah ya nemi abincinsa. Abincinsa. Haƙoran jikokinta ne abincin. Muna barin wurin na ji an kira na gaba, kuma ya tashi ya shiga.

Ban gama da wannan ba sai ga rigimar cikin gida. Ƙaramar ta ƙwace hannunta daga nawa a tsakiyar kasuwa, hawaye na zuba.

"Inna, ko goma ne da kin bari ya cire. Ke ba ke ake kira masara ba."

Na tsaya tsakanin masu kifi da masu tattasai ina jin kamar ni aka zare wa haƙori. Kawunta ne ya dafa kanta ya ce ba gida za mu koma ba, ba za mu bar Kalgo ba sai wanda ya san aikin ya duba ta.

Muna da gwaggo a garin, ƙanwar mahaifinmu, can muka nufa. Ta tarbe mu da fura mai sanyi da faɗan me ya sa ba mu sanar ba. Da azahar aka kawo tuwon shinkafa miyar kuka da busasshen kifi, irin wanda sai bakin gulbi ake samunsa da wannan ƙamshi. Da ta ji labari ta ce ba mu ne na farko ba. Ta aika aka kira wata ma'aikaciyar jinya da ke haya a gidanta, ita ta kwatanta mana wata likitar haƙori da ta karanci gyaran jeri, tana ganin mutane da la'asar a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa.

Likitar 'yar ƙasar Zuru ce, ba za ta wuce shekara arba'in ba, da ɗan gicciye a wuya da Hausa tatacciya. Ba ta da fara'ar mutumin bayan kasuwa. Ta saurari labarina har ƙarshe tana wanke hannu, ta ce ta ga yara da yawa da suka fito daga shagon nan, ta kai ƙara inda ya kamata, tana jira. Daga nan ta juya ga yaran, ba ta sake bi ta kaina ba sai da ta gama.

Ta daɗe a kan kowacce. Ta sa su cije, ta sa su haɗiye miyau, ta sa su rufe baki su saki jiki ta dube su ta gefe. Ta tambayi ko suna tsotsar yatsa da suna ƙanana, ko suna barci baki buɗe, wa suka ɗauko a dangi. Ta kwaɓa wani abu mai kama da ƙullun alkama ta danna musu a baki, ya fito da siffar haƙoransu. Babbar ta ce ɗanɗanonsa kamar man goge baki da ya lalace.

Sannan ta zaunar da ni ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce a ɗauka muƙamuƙi benci ne, haƙora kuma masu zama. Ana auna faɗin kowane haƙori a tara, a auna tsawon bencin, a ga nawa ya gaza. In abin da ya gaza kaɗan ne, bai kai rabin haƙori ba, ba a cire komai, waya za ta gyara zaman. In ya zarce faɗin haƙori guda sosai, da wuya a kauce wa cirewa. Wahalar tana tsakiya. A nan sai an ga hoton ƙashi, a ga yadda haƙoran gaba suka jingina, a ga kaurin dasashi, a ga leɓe yana rufuwa ko ba ya rufuwa, a kuma tuna yaro yana kan girma, bencin nasa bai gama tsawo ba. Ta ce likitoci biyu ƙwararru suna iya saɓawa a kan yaro ɗaya, shi ya sa ba a gaggawa, don haƙorin da aka cire ba ya dawowa.

Na tambaye ta ko ke nan duk zancen na'ura ƙarya ne. Ta ce a'a. Akwai na gaskiya, ana koya musu da awo da hotunan ƙashi na mutane masu yawa da aka riga aka yi wa aiki, sai su yi hasashen ko wannan zai bukaci cirewa. Suna taimakawa, musamman ga likitan da bai daɗe a aikin ba. Amma awo ake ba su, ba hoton waya ba. Kuma yawancinsu da fuskokin mutanen wasu ƙasashe suka koya, waɗanda leɓensu da muƙamuƙinsu ba irin namu ba ne, abin da yake daidai a fuskar ɗan Kabi sai su ɗauka matsala ce. Ta ce ko ta gaskiyar shawara take bayarwa, wanda ya riƙe awartaki shi zai amsa tambaya.

Ba ta yanke mana komai a ranar ba. Ta ce sai ta ga hoton ƙashi, kuma babu injin a nan, sai Birnin Kebbi. Muka kwana gidan Gwaggo.

Washegari muka yi sammako. Wurin ɗaukar hoton mun same shi a buɗe, ma'aikaci yana nan, inji yana nan, wuta ce babu. Aka ce sai mutane sun taru kafin a tayar da janareta. Muka zauna muna taruwa. Na sayi ƙosai da kunun tsamiya a bakin titi, Yaya ya sayi rake ya ce bari ya yi amfani da haƙoransa tun na'ura ba ta aiko a karɓe su ba. Ƙaramar ta yi dariya, ta manta ba ta rufe baki ba. Hantsi ya yi sosai kafin a kira mu, aikin kansa bai kai a sha ruwa ba.

Da la'asar muka koma wa likita. Ta ɗaga hotunan a gaban haske, ta jera siffofin haƙoran a tebur, ta ɗauko wani ɗan ma'auni mai baki biyu ta yi ta gwadawa tana rubutu. Abin da ta faɗa ya juya mini lissafi gaba ɗaya.

Ƙaramar, wadda bakinta ya fi tayar da hankali a ido, ba za a cire mata ko ɗaya ba. Ashe akwai haƙoran yarinta biyu can baya da ba su faɗi ba, na ƙarƙashinsu da ke tafe sun fi su ƙanƙanta, in sun fito wuri zai samu. Abin da ya gaza kaɗan ne. Waya za ta sauko da fiƙar nan ta zauna a layi. Da na bar ta a kujerar aski, da an zare mata lafiyayyun haƙora huɗu a banza, fiƙar kuma tana nan a sama.

Babbar kuwa, wadda ban taɓa damuwa da bakinta ba, ita ce mai magana. Haƙoranta sun samu jeri ne don sun jingina gaba, sama da ƙasa, shi ya sa leɓenta ba ya haɗuwa sai ta matsa. In ana son a mayar da su ciki, to da alama sai an cire huɗu, ƙananan turamen da ke bayan fiƙa.

Raina ya sake ɓaci, na ce ke nan mutumin can ya yi gaskiya a kanta.

"Maman biyu, wanda ya ce wa kowa huɗu, dole wata rana ya dace," in ji likitar. "Ni ba zan taɓa haƙorinta ba sai wayar da zan sa mata tana hannuna, babanta ya yarda, ita ma ta yarda. Kuma wannan ba ciwo ba ne. In ba ta so, a bar ta."

Ta juya ta tambayi yarinyar. Babbar ta ce ita dai bakinta bai taɓa hana ta magana ba, a ba ta lokaci ta yi tunani. Likitar ta ce ta ɗauki shekara ma in tana so.

Kuɗin sa waya ba zan ɓoye muku ba, yana da nauyi, albashin malamar makaranta ba ya ɗaukarsa a tashi ɗaya. Ga zirga-zirga duk wata har kusan shekara biyu, a kan hanyar nan ta Dalijan. Na zauna ina tunanin gari kamar Gwandu, da tarihinsa da makarantunsa, a ce babu inda uwa za ta kai ɗanta a auna masa baki kafin a ɗauko awartaki. Wannan rashin shi ya buɗe shagon bayan kasuwa, shi yake cika masa benci. Mun yi magana da babansu a waya, ya ce a fara wa ƙaramar bayan an girbe gero.

Mun sake kwana, muka kamo hanya da safe. Gwaggo ta cika mana leda da busasshen kifi da kuka. Motar dawowa ta fi ta zuwa sauƙi, ba barkono ba nono, sai wani mai wa'azin maganin basir da ya raka mu har Ambursa. Yaran suka yi barci a kafaɗata. Mun shigo Gwandu ana kiran azahar.

Ban cire hijabi ba na shiga maƙwabta, don na san gidaje da yawa a unguwarmu sun ji saƙon muryar nan. A gida na uku aka ce mini mai gidan ya tafi Kalgo tun asuba da ɗansa, yaro ɗan aji shida da nake koyarwa. Wataƙila ma mun yi saɓani a hanya. Na karɓi lambarsa na kira, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Da ya ɗauka ya ce sun fito ke nan. An cire biyu, yaron ya yi jini da yawa, an ce su dawo mako mai zuwa a cire sauran.

Na zauna a dakalin gidan, uwar yaron tana kallona.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma na biya shi da tsada. Ido ba ya gane bakin da ke bukatar cirewa, nawa idon na uwa ma ya zaɓi wadda ba ita ba. Hoton waya bai fi ido ba. Duk wanda ya ce zai cire wa ɗanku lafiyayyen haƙori don gyaran jeri, ku tambaye shi awon da ya yi, ku ce ya nuna muku hoton ƙashi, ku tambaye shi wa zai sa waya kuma yaushe. In ya nuna muku jan allo a madadin amsa, ku kama hannun ɗanku ku fita, ko kun sayar da akuya kun yi kuɗin mota.

Da la'asar maƙwabcin nawa ya iso, yaron da auduga a baki. Na bar shi ya yi sallah ya ci abinci, sannan na je da Yaya muka zauna da shi a zaure. Ya saurare mu kansa a ƙasa. Biyun da aka cire sun tafi, babu mai dawo da su. Biyun da suka rage kuwa, mun yi da shi ranar Asabar zan kai yaron wajen likitar da kaina a auna.